Ganga a Hannun Dama

Shekarar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Baba, gero ya yi kyau a ƙauyenmu na gefen Shanono fiye da yadda na taɓa gani, shi kuwa yana kwance a ɗaki. Ɓarin hagu ciwon ya taɓa, kuma Baba bahago ne. Da wannan hannun ya riƙe garma tun yana saurayi har aka naɗa shi Sarkin Noma.

Likitan da ya duba shi a birni bai ɓoye mana komai ba. Ya ce hannun da wuya ya dawo, amma ƙafar tana da sauran rai. Idan Baba zai riƙa takawa kullum, za ta ɗauke shi. Idan kuwa ya kwanta, za ta sandare, daga nan sai dai a ɗauka a ajiye. Baba ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Da muka dawo gida sai ya hau gado ya juya wa ƙofa baya.

Ni malamar firamare ce, kuma a garin nake aure, don haka kullum in an tashi daga makaranta gidanmu nake fara biyawa. Duk gidan an san ba ni da haƙuri. Na lallaɓa, na yi magiya, na yi faɗa, har kuka na yi masa da gangan ko zai ji tausayina. Sai ya bari na gama, sannan ya ce da bakinsa da ya ɗan karkace, "Malama, je ki koya wa yaranki." Mun san abin da ke damunsa ko da bai faɗa ba. Mutanen da suka saba hango ƙeyarsa a gaban kunya a gona, ba zai yarda su gan shi yana jan ƙafa ba. Ko zaure ya ƙi fita, salla ma a zaune yake yi a bakin gado. Tsoro ya kama ni sosai, don ina ganin ƙafar tana ƙanƙancewa a ƙarƙashin bargo.

Ana tsakiyar damina yayana ya zo daga Dawanau, inda yake harkar hatsi, da kwalaye ɗaure a bayan babur. Na ɗauka magani ne ko keken guragu. Da ya buɗe sai ga wani baƙin akwati mai faɗi da lasifika biyu manya.

"Yaya, mutum yana kwance rai a hannun Allah, kai kuma kayan kiɗa ka kwaso?" na ce.

"Ke dai riƙe mini wayar nan," ya ce.

Ya ce sunansa rasiba. Ba ya cin kaset, ba ya cin faifai, ta intanet yake janyo duk abin da ake son ji, da wayar hannu kuma ake ba shi umarni. Wuta ba matsala, muna da sola a kan rufin ɗakin Inna. Matsalar sabis ce. Yaya ya zagaye gidan kaf da ɗan ƙaramin akwatin da ke kamo intanet ɗin, yana ɗaga shi sama, kaji na binsa suna zaton tsaba ce. A ƙarshe a jikin rumbu kaɗai ya samu. Ya yanke tsohuwar jarka ya sa shi a ciki saboda ruwan sama, ya rataye a ƙarƙashin jinkar rumbun. Lasifikun ya kai ɗakin Baba, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan.

Inna ta ɗauko ƙyallen da take rufe tsohon rediyonmu da shi, mai saƙar fulawa, ta lulluɓe rasibar. Yaya ya ce za ta yi zafi ta lalace, ya cire. Yana juya baya ta mayar. Har yau ba su gama wannan rigimar ba.

Da safe akan sa karatun Alƙur'ani, Inna na shara tana bi a hankali, kuma wannan ne ya sa ta yafe wa akwatin. Da yamma Yaya kan lalubo tsofaffin waƙoƙi irin na zamanin su Baba. Sautin kam ba magana, sai ka rantse mawaƙin yana zaune a kan tabarma a ɗakin. Maƙwabta suka riƙa shigowa ji. Baba bai ko juyo ba. Na ce wa Yaya, "Ga abinka nan, ya yi wa kowa amfani ban da wanda aka kawo dominsa."

Ashe akwai abin da Yaya yake nema.

A tsallaken rafinmu akwai unguwar Maguzawa, yawancinsu yanzu Kirista ne. Can makaɗin Baba yake, mai gangar noma. Tare suka tashi, tare suka tsufa, ya rasu shekara guda kafin ciwon Baba. A wurinmu kowane babban manomi yana da takensa, wato kiɗan da nasa ne shi kaɗai. In ana gayya aka kaɗa maka takenka, dole ka amsa, ka ɗaga garma ka yi kirari. In kaka ta yi kuma sai ka kai wa makaɗin damin gero har ƙofar gidansa, da kanka. Ba a aike. Baba yakan ce wanda ya aika da damin makaɗi ya mayar da shi mai bara. Ina yarinya na sha bin bayansa, dami a kansa, muna tsallaka rafi, in dawo da gyaɗa cike da gefen zanina.

Shekarun baya wasu mutanen jami'a sun taɓa zuwa suka ɗauki sautin wata gayya a gonarmu. 'Yar makaɗin, wadda ke aikin jinya a birni, ta samu kwafi, bayan rasuwar mahaifinta ta ɗora a intanet. Ita Yaya ya yi ta nema har ta nuna masa inda abin yake.

Ran wata Juma'a bayan la'asar ya zo, ya shiga ɗakin Baba ya danna waya. Sai ɗakin ya cika da gona. Daga lasifika ɗaya ƙarar garemani da guɗar mata, daga ɗayar kuma ganga. Na gane hannun makaɗin Baba tun kafin a je ko'ina.

Baba ya juyo. Rabon da in ga ya juyo don wani abu har na manta.

"Kashe," ya ce.

Yaya ya kashe, jikinsa a sanyaye. Ni kuma har na buɗe baki zan ce ai ga irinta nan, an tayar wa tsoho da hankali.

"Ba nan yake tsayawa ba," in ji Baba, yana nuna lasifikar hagu da haɓa.

Muka kalli juna. Inna ce ta gane daga bakin ƙofa. Ta ce, "Babanku bahago ne, hagu yake watsa ƙasa. Shi kuwa marigayin kullum ta dama yake bin sa, kada a cika masa ganga da turɓaya."

Yaya ya durƙusa bayan rasibar ya musanya wayoyin lasifikun, ta hagu ta koma dama, ta dama ta koma hagu. Ya taimaka wa Baba ya zauna a bakin gado, ya sake dannawa. Wannan karon gangar ta fito daga hannun dama. Ta yi ta zagaye tana gaishe da manoma ɗaya bayan ɗaya, can sai ta sauya, ta faɗa taken Baba.

Ya dunƙule hannunsa mai lafiya ya ɗaga sama. Ya buɗe karkataccen bakin nan ya yi kirarinsa tun daga farko har ƙarshe, rabin kalmomin ba sa fita, amma babu wadda ya tsallake. Ya yunƙura zai miƙe, ƙafar ta ƙi, ya koma ya zauna daɓas. Ni dai kuka nake yi, na gaske wannan karon, kuma daɗi ne ya sa ni.

"Yaya, sake sawa! Sake sawa!" na ce.

"A'a," in ji Baba. "An kaɗa, na amsa. Ba a sake kaɗawa sai an kai dami."

"Haba Baba, inji ne fa. Mutumin nan ya rasu. Ko sau nawa aka sa, babu wanda ya gaji."

"Hannunsa ne ko ba hannunsa ba ne?"

"Nasa ne."

"To."

Yaya ya ce ai abu mai sauƙi ne, akwai sauran geron bara a rumbu, gobe da safe zai ɗaura dami a babur ya kai wa matar marigayin. Baba ya yi masa wani kallo, ya ce, "Ka taɓa ganin na aika?" Yaya ya ce to ya ɗauke shi a babur ɗin su je tare. Baba ya ce ba a zuwa gidan makaɗi a goye, kuma ba a kai masa tsohon hatsi. Sabon gero zai kai, da ƙafarsa.

Raina ya ɓaci. Ga abu ya fara aiki, ga tsoho ya kawo wata doka ya gindaya. Na ja numfashi zan fara, sai na ji Inna ta mintsine ni a cinya, mintsini mai zafi irin na da. Ta ja ni tsakar gida ta ce, "Wannan bakin naki! Mutum ya ce da ƙafarsa zai je, ke kuma kina nema masa sauƙi?"

Washegari da na biyo gidan na tarar da shi a tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ya dafe bango, gumi na zuba. Ban ce komai ba, kuma Allah ne kaɗai ya san wahalar da na sha wajen yin shirun.

Daga ƙofa ya kai ga turmi, daga turmi ya kai ga rumbu. Ya faɗi ba sau ɗaya ba, ya kuma hana a ɗaga shi sai ya nema. Ya sa aka sare masa sanda. Ranar da ya fara leƙa zaure, gabana ya yi ta faɗuwa saboda masu zaman ƙofar gida. Wani tsohon abokin hamayyarsa a gona ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Sarkin Noma, ashe dai za a bar mana gaban kunya bana?" Baba ya ce, "Ka ci bana, ka gode Allah." Aka yi dariya, aka matsa masa a tabarma. Abin da ya shafe watanni yana tsoro ke nan, ya wuce kafin a gama gaisawa.

Rasiba na nan tana aikinta, karatu da safe, waƙoƙi da yamma, yanzu har Baba kan ce a sa masa waƙa kaza. Taken dai ba wanda ya taɓa. Yaya ya koya mini yadda ake sarrafa ta da wayata, kuma sau da yawa yatsana ya je kan wurin ya dawo.

Da aka yanke gero Baba ya sa aka ɗaure masa ɗan madaidaicin dami. Hannun hagu bai dawo ba, na dama kuma na sanda ne, don haka Inna ta ɗaura masa damin a kafaɗa da tsohuwar ɗamararsa ta noma. Muka fita da hantsi ran wata Lahadi, shi da ni. Ya ce in na taɓa shi zai koma gida.

Tafiyar da nake yi ina yarinya ban gama cin rake guda ba, ita muka kusa kai azahar muna yi. Mutane na sussuka a bakin hanya suna yi masa barka, yana amsawa ba ya tsayawa. Rafin ya janye, saura yashi, kuma yashin ne ya fi ba shi wuya, sanda na nutsewa, ƙafar na turjewa. Na ga yana tangaɗi, na matso kusa da shi ta dama ba tare da na sani ba.

"Koma hagu, Malama," ya ce, yana haki. "Nan da mai wurin."

Na koma hagu. Haka muka haye, shi da sandarsa, ni a hagu, dama kuma a buɗe.

Matar makaɗin ta dawo daga coci ke nan, tana zaune a ƙofar gida tana ɓarar gyaɗa. Ta sa hannu ta kare rana tana kallonmu har muka iso.

"Sarkin Noma? Da ƙafarka?"

"Da ita," ya ce. Ya sa na kwance ɗamarar, amma shi ya sauke damin da hannunsa ya ajiye a gabanta. "An kaɗa mini, Iya. Na kawo."

Ta dubi damin, ta dube shi, ta goge ido da bakin mayafi. Ta ce 'yarta ta sa mata abin a waya, amma a waya kamar ana buga gwangwani ne, ba ta ji mijinta a ciki ba. Na ce mata a gidanmu kam yana nan sosai, har wurin tsayuwarsa an gyara masa.

"To gobe ina nan tafe," ta ce. "Kuma ka sani, Sarkin Noma, ba sau ɗaya zan ji ba. Sai ka shirya dammuna."

Baba ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ta cika mini gefen mayafi da gyaɗa kamar da, muka juyo.

Sai da muka sake haye yashin ya tsaya ya huta, yana kallon gonar bayan gidanmu da aka gama girbewa.

"Malama," ya ce, "ki gaya wa yayanki, baɗi kada ya sa 'yan ƙwadago a wancan gefen. Ya bar mini 'yan kunyoyi."