Shayi mai kauri da Inna ta yi ta haɗa min

Salamu alaikum. Wata biyar ke nan ban leƙo nan ba. Masu cigiyar gullisuwa da tuwon madara, ku yafe ni, jinya na yi.

Da murɗawar ciki abin ya fara, sai ɗanɗanon ƙarfe a baki. Na sha maganin taifot, na sha na olsa, shiru. Ranar da muciya ta suɓuce min, na kasa ɗaga wuyan hannuna, ranar na tsorata. Da hannun nan nake ciyar da 'ya'yana.

Inna, mahaifiyata, ta taso daga Gyaɗi-Gyaɗi ta tare a gidana a Tarauni. Kun san mu, majinyaci sai shayi mai kauri. Safe da yamma take dumbuzo madara daga buhun sana'ata.

"Shanye, 'yar nan, jini ne ya yi miki ƙaranci."

A asibiti wata likita ta ɗaga leɓena kawai, ta ga siririn layi baƙi-baƙi a dasashina. Ikon Allah! Aka ɗebi jini, sakamako ya nuna gubar dalma.

"Hajiya, kina zuwa wajen haƙar zinare ne?"

Na ce, "Likita, ni zinaren kunne kaɗai na sani."

Aka gwada kwallina, aka gwada ruwan gidanmu, lafiya lau. Ashe madarar ce, buhu marar suna da na saya don araha. Suka ce wataƙila tun a injinan masana'anta ta kwaso gubar. Fara tas, ga ƙamshi, ido bai ga komai ba.

Inna ta zube a ƙasa tana kuka. "Ashe da hannuna nake ba ki."

Sati uku ina kwance, allurai da ƙarin ruwa, sannan aka yi ta gasa min hannun don ƙarfinsa ya dawo. Jarina kaf ya tafi a magani. Na kira masu sayen kayana na faɗa musu gaskiya, su kai yara gwaji. Da kunya, amma na faɗa.

Don Allah, ku guji madarar awo da ba ku san buhunta ba. Ciwon ciki in ya ƙi ji, ku nemi gwajin jini.

Alhamdulillahi, jiya na juya muciya. Na gode wa likitar nan da duk wanda ya yi min addu'a.

Tun ranar sakamako Inna ba ta ƙara taɓa kofi ba. Yau na sayo madarar gwangwani, na ce ita za ta haɗa min. Ta haɗa, ta miƙo min.

Na shanye tas.