Mai Fijo a Bakin Lungu

A bakin wani lungu a Gwammaja, inda mota ba ta iya shiga, wani magidanci ya ɗage bonet ɗin tsohuwar fijo ya tokare shi da sanda. Ya naɗe hannun kaftani, hularsa ta karkace, ga ragowar alli a gefen aljihunsa. Da alama malamin makaranta ne. Yana zaro sandar auna baƙin mai, ya goge, ya sake tsomawa, ya murza man a yatsu ya shinshina. Yana ɗura wa lagireto ruwa da butar alwala, ya zaga yana danna tayoyi da ƙafa, amma idonsa na cikin lungun.

Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a gefe ta ce, "Malam Ɗalha, yau sau nawa ke nan? Ka kai wa bakanike mana. Farar hula sun hau, an ce albashi zai ƙaru."

"Gwaggo, in ya ƙaru na kai. Kuɗin bakanike shi ne na asibiti. Maiɗakina Husaina watan haihuwarta ya tsaya."

Wataƙila motar ta taɓa ƙin tashi a irin wannan rana, shi ya sa ya kasa zama.

Can sai ga wata mata ta fito da sauri, mayafi a hannu. "Malam, tayar da mota, naƙuda ce!"

Ya murza makulli. Fijo ta yi tari, ta yi shiru, sannan ta kama. Fetur ɗin da ya wuni a layi kafin ya samu, ya bar shi yana ƙonewa, ya ruga cikin lungu.