Baƙar Rigar Seikichi

Shekara arba'in ina maƙwabtaka da Seikichi Gushiken a ƙauyenmu na arewacin Okinawa, ban taɓa ganinsa da takalmi mai rufe yatsu ba sai a gidan makoki. Lokacin sanyi ya sari rake, lokacin zafi ya shiga teku. Singileti, gajeren wando, silifas, kayansa ke nan. Taurin kai kuwa ba a magana. Da shi ya kori ɗansa tilo, Morihiro, zuwa Osaka shekara goma sha biyu da suka wuce. Ko da uwar ta rasu yaron bai zo ba, uban kuma ya rantse ba zai neme shi ba.

Wata Asabar da la'asar sai ga shi ya faɗo mini gida yana haki. Morihiro ya sauka a wani otal na bakin teku da matarsa da 'yarsu, gobe za su koma, ya ce uban ya zo cin abinci ƙarfe shida.

"Fumi, wai ba a shiga otal ɗin sai da riga mai kwala da dogon wando. In aka tare ni a ƙofa, cewa zai yi na ƙi zuwa."

"To je ka sayo mana."

"Biyar ta kusa. Yaushe zan kai gari in dawo?"

Ban taɓa ganin tsoro a idon mutumin nan ba sai ranar, kuma ya ba ni tausayi ƙwarai. Muka zazzage akwatin marigayi mijina. Riguna masu furanni birjik, amma mijina ɗan tsurut ne, maɓalli ko ɗaya bai shiga ba. Seikichi ya ruga gida ya dawo da dogon wando da wata riga a leda, a goge tsaf. Kariyushi ce, rigar tsibirinmu mai kwala da gajeren hannu, amma baƙa wuluk, irin wadda ba a sawa sai zuwa jana'iza. Da ita ya yi jana'izar matarsa.

"Yaya, kanka ɗaya kuwa? Da wannan za ka je gaban ɗanka?"

"Tana da kwala ko ba ta da?"

Ni na kai shi a motata, na bi shi har ciki. Mai tsaron ƙofa ɗan tsibiri ne, yana ganin rigar ya sunkuya ya yi masa ta'aziyya a hankali. Surukar, 'yar Osaka, ba ta san komai ba.

"Kai, Baba, rigar nan ta yi maka kyau."

Morihiro ya miƙe, fuskarsa ta sauya. "Gorin da ka zo yi mini ke nan? Don ban zo jana'izar Mama ba? A gaban 'yata?"

Ya kama hannun yarinyar zai fita. Sai Seikichi ya hau ɓalle maɓallai, ya tuɓe rigar a tsakiyar masu cin abinci, ya tsaya da singileti duk huji.

"Ita kaɗai gare ni mai kwala. Tsoro na ji kar su hana ni ganinka."

Wani ma'aikaci ya nufo shi da sauri. Morihiro ya tare shi da hannu, ya tuɓe tasa rigar mai furanni ya sa wa uban. Sannan ya ɗauki baƙar daga ƙasa, ya kaɗe, ya saka. Ta zauna masa daidai.

"Gobe da sassafe ka kai ni wurin Mama," in ji shi.