Ba Ajimi, Mai Sauraren Inji da Sanda

Bari in faɗi laifina da bakina kafin ku ji shi a kasuwa: ban iya jira ba. Shekarata arba'in da bakwai, har yau shayi yana ƙona mini harshe. Sunana Ya'akubu, dillalin shanu, ɗan makiyayin da ya zauna a Yerwa ya ajiye tumbi. Mutum irina Allah ya haɗa da Ba Ajimi, makanikin unguwar Lamisula, wanda ya ajiye sifana watan jiya saboda ido ya fara cin amanarsa. Shi nake so in yi wa jinjina, ko da yake har yanzu bakina bai gama rufuwa ba.

Duk mai bin hanyar rumfarsa da sassafe ya san tsarinsa. Zai share gindin dogon yaro da kansa, ya shimfiɗa buhu, ya jera ƙarafansa kamar sahun salla. Sannan ya ɗauko wata sanda da ta yi baƙi don riƙo. In an kawo mota ba ya tambayar direba komai, wai duk direba maƙaryaci ne in aka zo batun yadda ya yi tuƙi. Sai ya kafa bakin sandar a jikin inji, ya manna ɗaya bakin a kunnensa, ya rufe ido. In ya buɗe, ciwon yake faɗa. Ɗan maƙera ne, kuma a shekarun yaƙin duniya, lokacin da ko fulogi ɗaya ba ya isowa daga Ikko, da hannunsa yake ƙera abin da ya karye. Direbobin hanyar Bama shaida ne: wata babbar mota da aka yasar kaji na ƙwai a cikinta, shi ya tashe ta, ta shekara uku tana jigilar gyaɗa.

Tawa motar ƙarama ce, 'yar Ingila, na saye ta a hannun wani Baturen kamfani da aka kira yaƙi. Da yake ina kai wa barikin soja shanu, fetur bai yanke mini ba. Lafiyarta lau, sai dai tafiyarta irin ta tsohuwa mai ɗauke da tulu. Maikuɗi, wani Bakano mai fataucin fatu, yana da irinta sak. Sai ya kai tasa wurin wani makanikin soja, aka goge kan injin, aka sa mata kafireta ta babbar mota. Ranar kasuwar Konduga ya zo ya wuce ni, ya leƙo ta taga ya ce, "Malam Ya'u, ko in turo maka jaki?" Kafin in isa, labarin ya gama rumfar mahauta.

Washegari na dira Lamisula. Da yake Ba Ajimi Babarbare ne ni Bafulatani, ba ma gaisawa sai da tsiya.

"Ba Ajimi, bawan Fulani, ubangidanka ya zo da umarni."

"Wushe, Fulata. Yau kuma wace saniya ta taka ka?"

Na gaya masa abin da nake so. Ya sa sandarsa ya saurara, ya daɗe, sannan ya ce, "Injin nan ɗan akuya ne, kana so in ɗora masa kayan raƙumi. Zai ɗauka, har ya yi gudu, amma ba zai ga damina biyu ba. In ya mutu kuwa, babu irinsa a ƙasar Barno, sai ranar da Turawa suka gama faɗansu."

Na ce in ba zai yi ba, wurin sojan zan tafi. Ya dube ni irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi.

"Bar ta kwana uku. In ka leƙo, na fasa."

Jama'a, ranar da na karɓo ta na taka totur, ni kaina sai da na yi salati. Ruri take kamar zaki. Kaltumi matata ta fito ba mayafi, ta zaci jirgin soja ne ya ɓata hanya ya sauka ƙofar gida. Amma Ba Ajimi bai sake ni haka nan ba. Ya ce inji mai ƙarfi irin wannan sarauta gare shi: duk wata in kawo a juye baƙin mai, kada in danne totur har ƙasa, in kuma za ni Konduga in tsaya rabin hanya ta huta.

"Abu na ƙarshe, Fulata, don na san gidan da ka fito. Wannan ba saniya ba ce. Saniya in ta ji zafi sai a kai ta rijiya. Wannan in ta yi zafi ka kwara mata ruwan sanyi, kan injin tsagewa zai yi kamar ƙwarya. Ka zauna ka ci goro har ta huce."

Wallahi da abin da na yi niyya ke nan, har guga na saya. Na bi dokokinsa duka, don tsoro ba don hankali ba.

Wata biyar ba su cika ba motar Maikuɗi ta yi wata ƙara kusa da Konduga, ƙarfe ya fasa cikin injin ya leƙo waje. Da shanu biyu aka jawo ta gida. Nawa ne, na ba shi aro da zuciya ɗaya, na kuma raka su a baya ina danna oda. Wasu mutum biyu da suka bi sawunsa, nasu injinan ba su kai sallar layya ba. Tawa kuwa shekara ɗaya, shekara uku, yaƙi ya ƙare, har shekara takwas tana ruri. Direbobi suka riƙa zuwa suna leƙen ƙarƙashinta ko za su ga laya. Ni kuma, da ban san fulogi daga ƙusa ba, na zama malamin ƙarin ƙarfin inji a bakin kasuwa, ina karantarwa kyauta.

Ranar da ya ajiye aiki ya aika aka kira ni.

"Zauna, Fulata. Akwai magana a wuyana, ba na so in shiga kabari da ita. Motarka ban ƙara mata komai ba."

Na ce, "Na'am?"

"Na wanke ta, na kankare dauɗar cikinta, na ɗaure abin da ya kwance. Sannan na ɗauki ƙusa na huda salansa, bututun hayaƙinta, wuri huɗu."

"To gudun fa?"

"Wanda ta zo da shi daga Ingila ne. Kunnenka ne ya ƙara gudu."

"Ba Ajimi, da agogo na auna!"

"Kafin ka kawo ta ka taɓa aunawa?"

Ban taɓa ba. Na zauna a kan buhun nan, hulata a hannu, ban san lokacin da na cire ta ba. Da na kai wa Kaltumi labari, dariya ta yi har ta zauna a ƙasa, ta ce, "Malam, ashe shekara takwas huda huɗu muke yi wa kirari."

Ba Ajimi, kai ne makanikin da ya gane cewa a motoci da yawa ciwon yana kan kujerar direba. Da ka ce mini a'a, da na tafi wurin da za a ce mini to, da motar tana kwance kusa da ta Maikuɗi. Da ka yi yadda na ce, da kai ka kashe ta da hannunka. Ka zaɓi ka ɗauki nauyin ƙarya ɗaya shekara takwas, ka bar ni ina fankama da sunanka, ba ka taɓa murmushi a gabana ba. Wannan haƙuri ko makiyayi ba shi da shi. Gwani na Lamisula, Allah ya saka, ya ƙara wa idonka haske, ya yafe maka hudar nan huɗu, ni dai na yafe.

Ku kuma samarin da ke riƙe da sifana a yau, ku je ku zauna gindin dogon yaron nan tun yana da ƙarfin magana. Ku koyi sauraren inji, ku koyi yadda ake hana mai mota abin da zai cuce shi. Masu motoci kuwa, mu riƙa jin maganar manya.

Washegarin hirar tamu na kai motar wurin Nasidi, wani sabon makaniki da ya zo daga Kano, ya yi mata ƙarin ƙarfi na gaske. Injin ya yi kwana goma sha ɗaya, ya mutu.