Mushe Alhasan ya rasu, yau kowa ya zama mai karatun littafinshi

Da safen ga, ina shirin tahiya lakwal inda nike koyarwa, aka kira ni daga Sabon Gida: Mushe Alhasan ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tare munka koyar a Madawa. Shi ne ya nuna mini yadda ake tsayawa gaban aji, lokacin da nike sabuwar madam mai rawar murya. Ranar da ɗiyata ta suma da zazzaɓi, shi ya ɗauke mu bisa moto zuwa likita, ya zauna bakin ƙofa har ta buɗe ido. In ya dawo daga garka kuwa, sai na tarar da albasa a ƙofar gidana, ba ko sallama.

Kahin azahar na duba salula. Shafuka sun cika da hotonshi. Wani babba mai buro, wato babban ma'aikacin ofis, ya rubuta wai ya karanta dukkan littattafan marigayi.

Dukkansu? Guda ɗaya ya rubuta, ranka shi daɗe.

Labari ne na manoman albasa da samarinsu masu tahiya cin rani. Ya yi shekaru yana rubuta shi da Hausa. Da ya kai wa wannan babban don shi duba, mutumin ko buɗewa bai yi ba. Ya ce in da da Faransanci ne da sai a kira shi littafi, wanga kam tatsuniya ce. Ina wurin, da kunnena na ji.

Ranar ƙaddamar da littafin munka share zaure, munka jera kujeru. Layin gaba na manya ne, duk sun yi alkawali. Ba wanda ya zo, ba wanda ya aiko. Mushe ya jira har la'asar, sannan ya ce wa masu kabu-kabu da ke leƙe ta taga su shigo su zauna gaba. Ya karanta musu, suna dariya suna cewa wallahi sun san wannan dillalin na cikin labarin.

Bayan nan ya daina bin buro-buro da littafi a hammata. Ya ce ya gano rubutu bai kai rabin wahalar roƙon mutum shi karanta ba, kuma ya girmi roƙo.

Ganina na ƙarshe da shi a tashar Madawa ne, yana jiran motar Babankatami. Ya rame, tari na tsayar mishi da magana. Matan wata ƙungiya ne sunka aiko mishi shi zo shi ƙarasa musu labarin littafin, don ba su iya karatu ba, kuma wanda ke karanta musu ya tahi Libiya. Na ce shi bari sai ya ji sauƙi.

Ya ce, “Ƙanwata, sun tsaya daidai inda rijiya ta rufta da wani yaro a labarin. In ban je ba, wa zai hiddo musu yaron?”

Ya shiga mota, aka tura shi can baya tsakanin buhunna.

Ɗazu na je gaisuwa. Ina zaune kusa da matarshi, Hajara, sai ga saƙo daga masu buro: suna so a shirya babban taron tunawa da shi, da jawabai da masu ɗaukar hoto. Ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce a gaya musu sun gode, amma mai gidan ya gaji da jiransu, su bar shi shi huta.

Allah shi jiƙan Mushe Alhasan, shi haskaka kabarinshi, shi ba Hajara da ɗiyanshi haƙuri. Ku da kunka karanta wannan, ba na roƙon ku sa hotonshi. Ku ɗaga hannu ku yi mishi addu'a, ko da ba wanda ya gan ku.