Zugazugin Cikin Mota

Ni ɗiyar maƙeri ce, matar maƙeri. Ubanmu bai samu ɗa namiji da wuri ba, don haka tun ban iya ɗaura zane ba aka zaunar da ni bayan wuta, aka sa mini zugazugai biyu na fatar akuya a hannu. Dama ta sauka, hagu ta tashi, har gawayi ya yi fari. Ban taɓa zama benci a lakol, makarantar boko, ba. Abin da na sani, a gindin wutar nan na san shi.

Mai gidana ya rasu ya bar mini maza biyu da gandu guda, a garinmu arewa da Cadawa. Na farin ba na faɗin sunanshi, Babba nake cewa. Mutum ne mai sanyi, kafin ya sayi akuya sai ya kwana uku yana kallon ta. Auta kuwa wuta ne. Ko gaisuwa a guje yake yin ta, yana "Inna, kin kwana?" ƙafarshi ɗaya tana waje.

Shekarar da aya ta yi kyau, suka yi shawarar sayen a-kori-kura, don amalanke ta gaza. Tsakaninmu da godoro, hanyar kwalta, akwai tudun rairayi, wanda ya sa manyan motoci suka daina shigo mana. Auta ya iya tuƙi, ya yi shekaru yana jan motar wani a Maradi. Suka tafi tare, suka ga motoci biyu a gareji guda, suka dawo ba su magana da juna.

Ɗaya motar injinta na da ne, yana shan iska da kanshi. Ɗayar an ɗaura mata wani abu wai shi turbo. Babba ya kafe a kan ta farko: kowane makanike na bakin kasuwa zai iya buɗe ta. Auta ya ce wannan jaka ce, ba ta hawa tudunmu da kaya sai an raba shi biyu.

Magana ta yi tsawo har ta ruɓe. Auta ya daina gaida wanshi. Matansu, da suke girki tukunya guda tun zuwansu gidan, kowa ta kafa murhunta. Ran nan da hantsi na ji Babba yana ce wa kawunsu a zo a raba gona, a raba rumbu, kowa ya sayi abin da ranshi ke so. Gandun da ubansu ya sare da gatarin da ya ƙera da hannunshi.

Na ce, "Ku kai ni in ga motocin."

Auta ya yi dariya har ya dafe ciki. "Inna, ke da ba ki san gaban mota da bayanta ba?"

"Ban san gabanka da bayanka ba ma ranar da aka miƙo mini kai. Jibi za mu."

Muka tafi, ni a tsakiya, ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon yamma. Mai garejin dattijo ne mai guntun gemu, baƙin mai har gwiwar hannu. Ya kawo mini kujera, na ce ba zama na zo yi ba, ya buɗe mini cikinsu.

Ta farko na leƙa, ban ga komai ba sai ƙarafa. A ta biyu ya nuna mini wani abu a naɗe kamar dodon koɗi, bai kai kan ɗan maraƙi ba.

"Shi ne ya hana gidana barci?"

"Shi ne, Inna."

"Mene ne aikinshi?"

Ya sosa gemu, yana neman yadda zai yi wa tsohuwa bayani. Ya ce a cikin inji wuta ake yi. Hayaƙin da ke fita shi ke juya abin nan, shi kuma ya tura iska da ƙarfi cikin wutar, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Ɗana, ai wannan zugazugi ne."

Ya tsaya yana kallona. Sannan ya juya wajen su biyun. "Kwana biyu ina yi muku bayani, kuna ta musu. Ga wadda ta gane."

Daga nan ban ƙara jin tsoron ƙarfen ba. Na ce ya gaya mini abin da ke kashe shi, don zugazugi ba ya mutuwa haka kawai. Ya ce rairayi, in an bar matatar iska ta toshe ko ta yage. Na ce haka ne, ubanmu kullum sai ya kakkaɓe bakin nashi kafin ya rataye. Ya ce da baƙin mai, in an ƙi yin juye kan lokaci ko an zuba na banza. Na ce fatar da ba a shafa wa mai ba tsagewa take yi.

"Amma babban mai kashe shi," ya ce, yana kallon Auta, "direba mai gaggawa. Ya sha gudu, abin ya yi ja, yana tsayawa ya murɗe makulli. Man da ke ciki ya ƙone. Sai an bar inji ya ɗan yi numfashi a tsaye tukuna."

Babba ya buɗe baki karon farko. "To, kin ji. Wa zai sa wannan ya jira?"

Nan na gane ba turbo Babba ke tsoro ba, hannun ƙanenshi yake tsoro. Kuma yana da gaskiya.

Na tambayi mai gareji jiran nawa ne. Ya faɗa mini da minti. Na ce ban san minti ba, ya kai tsawon gaisuwa? Ya ce wace iri? Na ce irin ta mutanen da, wadda ake durƙusawa, a tambayi kwana da gajiya da iyali da gona da dabbobi, a koma a sake.

Ya yi dariya. "Inna, wannan ta isa har ta yi saura."

Sai na yanke. Na ce mai zugazugin za a saya, don na san tudunmu, kuma ban taɓa ganin wutar da ba a zuga ba ta lanƙwasa ƙarfe. Auta zai tuƙa. Mai da matatar iska na hannun Babba, shi ke cewa yau juye, ba a yi mishi musu. Kuma duk ranar da motar ta dawo gida, Auta zai sauko ya bar ta tana numfashi, ya gaida wanshi cikakkiyar gaisuwa, sannan ya koma ya kashe ta. In a kasuwa ne, ya nemi dattijon da ya fi kusa.

Auta ya ce, "Inna, wannan ai horo ne."

Na ce, "In ba ka so, ga ta farkon nan."

Ranar da aka kawo ta, ba a kawo ta fanko ba. An cika ta da taki da buhunan siminti, har bayanta ya zauna. Ni ina gaba, Babba na bisa kaya. Mutanen gari sun fito bakin tudu da shebur da itace, don sun saba turi. Wani ma yana cewa a tanadi igiya.

Muka shiga rairayi. Motar ta yi nishi, ta yi kamar za ta durƙusa. Na riƙe ƙofa ina salati. Auta ya taka, sai na ji wani siririn fito daga cikinta, fiii, sak irin wanda zugazugin ubanmu ke yi in wuta ta kama. Na ce, "Zuga, ɗiyata, zuga!" Ta ɗaga hanci, ta haye. Ba wanda ya taɓa ta da hannu. Mata suka ɗauki guɗa, masu shebur suka biyo mu da gudu suna ihu.

A ƙofar gida Auta ya tsaya, hannunshi ya tafi kan makulli kamar yadda ya saba. Na yi gyaran murya. Ya janye hannun.

Ya sauko. Babba ya sauko daga bisa kaya, farin siminti har gira. Wata guda da kwanaki ba su gaisa ba. Gari duka na kallo, inji na ta bugawa a hankali. Auta ya durƙusa.

"Yaya, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

Ya tambayi iyali, ya tambayi gona, ya tambayi shanu, ya miƙe. Babba ya kasa kunne wajen motar, ya ce, "Ba ta huce ba. Ka manta awaki." Mutane suka fashe da dariya, su ma suka yi, har Babba yana share ido da bakin riga.

Da la'asar uwargidan Babba ta ɗauke duwatsun murhu na biyu, ta mayar da su gindin danga, ta zo ta tambaye ni mudu nawa za a daka. Na ce na gida duka.