Farar Safar Gwaggo Eulalie

Gwaggo Eulalie, ƙanwar mahaifina, cukun nonon akuya take yi a ƙauyenmu da ke yankin Poitou. Har yau in warin garke ya bugi hancina, ita ke faɗo mini a rai. Hannunta kaushi kamar ɓawon itace, ga tabon wuƙa a babban yatsa.

Da hannun nan ta raini 'yarta Solange, wadda zazzaɓi ya tafi da ganinta da jinta tun tana jaririya. Yarinyar ba ta yarda da kowa sai ta laluba tabon nan, ta shinshina.

Sistocin coci suka karɓe ta a makarantarsu, inda ake koya wa irinta magana a tafin hannu. Can labari ya zo cewa Solange ta iya neman burodi da ruwa, kuma ba ta rabuwa da wata Sista Clémence. Gwaggo ta ce madalla, amma cukun makon gishiri ya yi masa yawa.

Ranar ziyara ta dirje hannu da sabulu mai ƙamshi, ta aro farar safar hannu wajen matar mai burodi.

"Eulalie, wajen 'yarki za ki ko wajen bishop, babban limamin coci?" in ji mijinta, Kawu Firmin, yana ɗaura wa doki keke.

"Ja mu tafi, tsoho mai surutu. Ba za a ce uwar Solange ƙazama ce ba."

Mutane sun ce sistoci ta girmama. Ni ban yarda ba. Gasa ta je yi da lallausan hannun da ya ƙwace mata 'ya.

Da suka isa makarantar, aka fito da Solange. Ta taɓa safar, ta shinshina, ta juya ta ƙanƙame rigar Sista. Gwaggo ta tsaya kamar an dasa ta.

"Madam," Sista Clémence ta ce a hankali, "kin san sunan da ta sa miki?" Ta shafa nata babban yatsan, daidai inda tabon Gwaggo yake. "Kullum sai ta yi mini haka a tafi, tana cigiya."

Da haƙori Gwaggo ta fizge safar. Solange ta laluba, ta kai kan tabon, ta tsaya cak. Ƙamshin sabulun ya sa ta yamutsa fuska, sai ta cusa hanci a wuyan uwarta, ta ƙi ɗagowa.

"Mun gode wa Allah," in ji Kawu. "Sabulun bai kai wuya ba."